Jel mai 'yan jakunkunan maiƙo da maganin kashe ƙwayoyin cuta: tambayoyi da amsoshi

Ɗaliban haɗa magunguna, ma'aikatan jinya, masu kemis da masu fama da kuraje ko gyambo suna yawan cin karo da labarin wani sabon jel da aka ce yana shigar da magani can cikin fata. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi maimaituwa a tsakaninsu. An faro daga masu sauƙi, aka gangara zuwa na masu aiki a ɗakin gwaje-gwaje.

Wane irin jel ne wannan, kuma me ya raba shi da man shafawar da muka saba saye a kemis?

A man shafawa na yau da kullum, maganin yana cakuɗe ne kai tsaye da man. Abin da fata ta yarda ya shiga, ya shiga. Sauran ya tsaya a sama har a wanke shi ko tufafi su goge shi. A wannan jel kuwa, sai an fara ƙunshe maganin a cikin wasu 'yan jakunkuna da aka yi bangonsu da maiƙo, sannan a zuba jakunkunan cikin jel. Ido ba ya ganinsu. Yawancin waɗanda ake haɗawa don fata faɗinsu bai wuce nanomita 100 zuwa 300 ba, kuma sai an jera nanomita miliyan ɗaya kafin a sami milimita guda.

Kowace jaka tana da ciki mai ruwa da bango mai maiƙo, don haka tana iya ɗaukar magani iri biyu. Wanda ke narkewa a ruwa, kamar jentamaisin, yana zama a tsakiya. Wanda ya fi son maiƙo, kamar eritromaisin, yana maƙalewa a jikin bangon.

To me ya hana magani ratsa fata haka nan, ba sai an yi wannan wahala ba?

Allah ya yi fata ne don ta tsare jiki, ta hana ruwa fita, ta hana baƙon abu shiga, kuma tana yin wannan aiki yadda ya kamata. Shingen gaske yana a shimfiɗar da ke can sama, wadda kaurinta bai wuce maikuromita 10 zuwa 20 ba a yawancin sassan jiki (maikuromita dubu ne milimita guda). Masana suna kwatanta ta da katangar tubali: matattun ƙwayoyin halitta su ne tubalan, maiƙon da ke tsakaninsu shi ne lakar da ta haɗe su. Duk maganin da zai wuce, sai ya bi ta cikin lakar nan yana kewaya tubali bayan tubali.

A shekarar 2000, wasu likitocin fata biyu a Holan, Bos da Meinardi, suka fito da ƙa'idar da ta shahara cewa abin da nauyin ƙwayar sinadarinsa ya haura dalton 500 (dalton shi ne ma'aunin nauyin ƙwayar sinadari) da wuya ya ratsa lafiyayyar fata. Duba inda magungunan kashe ƙwayoyin cuta suka faɗa: mupirosin yana daidai bakin 500, fusidik asid ya ɗan haura, eritromaisin ya kai 734, basitirasin da bankomaisin kuwa sun wuce 1,400. Jentamaisin bai kai 500 ba, amma yana son ruwa ƙwarai kuma yana ɗauke da cajin lantarki, maiƙon fata kuwa ba ya karɓar irin wannan. Wannan ne ya sa man shafawa ke yin aiki a kan ciwon da ke sama-sama, ya gaza idan ƙwayar cutar ta yi zurfi.

Sabon abu ne, ko an daɗe ana yi?

An daɗe. Alec Bangham ne ya fara bayyana liposom, wato irin waɗannan 'yan jakunkunan maiƙo, a cibiyar bincike ta Babraham kusa da Kambirij a Ingila, a tsakiyar shekarun 1960. A 1980 Mezei da Gulasekharam a Kanada suka wallafa aikin farko na shafa magani a fata cikin liposom. Kamfanonin kayan kwalliya ne suka riga kowa kai shi kasuwa: Dior ya fitar da Capture a 1986, Lancôme ya fitar da Niosôme a 1987. A 1988 aka fara sayar da Pevaryl Lipogel a Suwizalan, jel mai liposom ɗauke da maganin cutar fata ta fangas. Abin da ya rage a baya shi ne ɓangaren maganin bakteriya, kuma an yi bayaninsa a tambayar shaida da ke ƙasa.

Ina jin liposom, niyosom, etosom, tiransfasom. Duk abu ɗaya ne?

Dangi ne, amma halinsu ya bambanta. Liposom shi ne na asali, ana yin bangonsa da fosfolifid, irin maiƙon da ke kewaye ƙwayoyin halittar jikinmu, wanda ake tacewa daga waken suya ko gwaiduwar ƙwai, a ƙara masa kolesterol don ya yi ƙwari. Matsalarsa a fata ita ce yawanci a sama yake tsayawa. Niyosom ya fito ne daga ɗakunan binciken L'Oréal a shekarun 1970. Maimakon fosfolifid, ana amfani da sinadaran haɗa ruwa da mai marasa caji, kamar Span 60. Ya fi araha, ya fi jure ajiya, shi ya sa jami'o'in ƙasashen da kuɗin bincike ya yi musu ƙaranci suka fi rungumarsa.

Tiransfasom aikin Gregor Cevc ne a Munik ta Jamus, a farkon shekarun 1990. Ya ƙara wa bangon wani sinadari mai sa shi laushi, don jakar ta iya lanƙwasawa ta matse ta bi ta ƙaramar kafa. A bayaninsa, abin da ke jan ta ciki shi ne bambancin danshi: saman fata busasshe ne, ƙasa da danshi, jakar kuma tana bin ruwa. Saboda haka ba a rufe wurin da leda ko bandeji mai hana iska idan an shafa irin wannan. Etosom kuwa Elka Touitou ce ta samar da shi a Jami'ar Hebrew da ke birnin Ƙudus a shekarun 1990, ta hanyar sa etanol, wato sinadarin barasa, mai yawa, kashi 20 zuwa 45 cikin ɗari. Etanol ɗin yana sassauta maiƙon fata, yana kuma sa jakar laushi.

In dai jakunkunan ne ke aikin, mene ne amfanin jel ɗin?

Jakunkunan suna fitowa ne cikin ruwa tsararo mai kama da madara, wanda in an ɗiga shi a fata zai gangare. Jel ne ke riƙe su a wurin ciwo na sa'o'i, yana rage haɗuwarsu da juna su dunƙule, yana kuma sa maganin ya riƙa fita sannu a hankali. Wajen yin jel ɗin an fi amfani da kaboma, wani gari mai sa ruwa ya yi kauri, kimanin kashi 1 cikin ɗari. Akwai kuma na seluloz, da kitosan da ake samu daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa, wanda shi kansa yana ɗan hana bakteriya sakewa, da poloksama 407 mai zama ruwa a sanyi ya daskare idan ya ji ɗumin jiki. Sai dai jel ɗin da ya yi kauri da yawa yana iya tsare jakunkunan su kasa isa fata, don haka ana neman tsaka-tsaki ne.

Da gaske jakunkunan suna shiga cikin fata a yadda suke, ba su fashe ba?

A nan masana suka rabu, kuma ya kamata mai karatu ya san hakan, domin hotunan talla kullum suna nuna jaka tana nutsewa lafiya lau har ƙasan fata. Masu tiransfasom da etosom sun kawo hujjojinsu na cewa jakunkunan masu laushi suna kutsawa. Amma masu bincike a Jami'ar Kudancin Denmak, ƙarƙashin Jonathan Brewer, sun duba fatar mutum da madubi mai ƙarfin gaske, suka wallafa a 2013 da 2016 cewa liposom yana fashewa ne a saman fata, bai ratsa ta a ƙunshe ba.

Wannan bai rushe amfanin jel ɗin ba. Ko jakar ta fashe, maiƙonta da etanol ɗinta suna cakuɗa da maiƙon fata su buɗe wa maganin hanya, kuma ana samun tarin magani a shimfiɗar sama da ke ci gaba da tsiyaya ƙasa. Sannan akwai ƙofar da aka daɗe ana rainawa, wato ramin gashi. Jürgen Lademann da abokan aikinsa a asibitin Charité na Balin sun nuna cewa barbashi mai faɗin 'yan ɗaruruwan nanomita yana gangarawa cikin ramin gashi, musamman idan an murza wurin, ya zauna a ciki kwanaki. A ganina wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da fasahar ke da ita, domin cikin ramin gashin ne ƙwayoyin cutar kurajen fuska suke zaune, nan ne kuma maruru ke farawa.

Ke nan nan gaba za a daina shan ƙwaya da yin allura, shafawa kawai za a riƙa yi?

A'a, kuma lissafi ne ya hana. Magungunan da ake manna wa fata su shiga jini, tun daga sikofolamin da aka amince da shi a Amurka a 1979 har zuwa nikotin da fentanil, duk masu ƙarfi ne da jiki ke buƙatar 'yan miligiram kaɗan a yini. Amoksisilin kuwa babban mutum yakan sha miligiram 500 sau uku a rana. Babu jel ɗin da zai tura giram ɗaya da rabi na magani ta fata kowace rana. Manufar wannan fasaha ita ce kai magani cikin fatar kanta, zuwa ramin gashi da shimfiɗar da ke ƙasa, ba cikin jini ba. Ciwon huhu, taifot, ciwon mafitsara da cutar da ta shiga jini suna nan a hannun ƙwaya da allura.

Waɗanne cututtukan fata ake sa ran zai taimaka wa, waɗanne ne kuma ba nasa ba?

Na farko kurajen fuska na samari da 'yan mata, saboda dalilin ramin gashi da aka ambata a sama. Sai kurajen yara masu ɓawo mai launin zuma a gefen hanci da baki, waɗanda Staphylococcus aureus da Streptococcus pyogenes ke haddasawa, da kumburin ramin gashi bayan aski, da ƙazuwar da aka sosa har bakteriya suka shiga. Ana kuma bincike sosai a kan ƙuna da tsohon gyambo, inda ƙwayoyin cuta irin su Pseudomonas aeruginosa ke gina wa kansu wata yauƙaƙƙiyar rufa da magani ke wahalar ratsawa. A buɗaɗɗen miki babu shingen fata, don haka amfanin jakunkunan a nan shi ne sakin magani a hankali da kutsawa cikin rufar.

Akwai waɗanda ba nasa ba ne ko kaɗan. Maruru ko ƙurjin da ya tara mugunya, maganinsa na farko shi ne ma'aikacin lafiya ya tsaga shi ya fitar da ita. Ƙafar da ta kumbura ta yi ja tana zafi, ga zazzaɓi, tana buƙatar magani ta baki ko ta jijiya a ranar. Gyambon ƙafar mai ciwon sukari aikin asibiti ne, domin cutar na iya kaiwa ƙashi. Gyambon Buruli da ake samu a Gana, Kamaru da kudancin Najeriya ana magance shi ne da shan rifampisin da kilaritromaisin na mako 8. Makero da ƙyasbi kuwa fangas ne ke kawo su, maganin bakteriya ba ya taɓa su ko a cikin wace irin jaka aka ƙunshe shi.

Akwai shaidar cewa yana aiki a jikin mutane? Zan same shi a kemis?

Mafi yawan shaidar daga ɗakin gwaji take da kuma jikin dabbobi. Misali mai kyau shi ne aikin Godin da Touitou na 2005: sun sa wa ɓeraye Staphylococcus aureus a cikin fata, suka shafa wa wasu eritromaisin cikin etosom, sai ya yi aiki daidai da wanda aka ba su ta allura, alhali maganin da aka narkar cikin ruwa da etanol kawai bai hana ciwon ci gaba ba. A ɓangaren mutane, tun 1992 masu bincike a Zagreb suka gwada kilindamaisin cikin liposom a kan kurajen fuska suka ga ya fi na yau da kullum. Amma irin waɗannan gwaje-gwaje ƙanana ne, ba su kai manyan gwaje-gwajen da hukumomi ke nema kafin su yi wa magani rajista ba.

Inda liposom ya yi nasara a fili da maganin ƙwayoyin cuta, ba ta fata ba ne. AmBisome, magani cikin liposom da ake ba masu cutar kala'azar a Sudan da Indiya, ta jijiya ake sa shi. Arikayce, wato amikasin cikin liposom da Amurka ta amince da shi a 2018, shaƙarsa ake yi zuwa huhu. A Jamus an fitar da Repithel, jel mai liposom ɗauke da aidin don miki, amma aidin maganin tsabtace ciwo ne, ajinsa daban. Mupirosin, fusidik asid da kilindamaisin da za ku tarar a kemis na yau da kullum ne, kuma suna aiki idan an yi amfani da su a inda ya dace.

Akwai darasin da bai kamata a manta da shi ba. An gwada jel ɗin tiransfasom mai maganin ciwo ketofurofen a kan masu ciwon gwiwa, mutane masu yawa, sakamakon da aka wallafa a 2013 ya nuna jel ɗin da babu maganin a ciki ya yi kusan daidai da mai maganin. Abin da ya yi kyau a ɗakin gwaji yana iya ba da mamaki idan ya hau jikin mutane.

Zai rage matsalar ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani, ko ƙara ta zai yi?

Yana iya yin kowanne. Hujjar masu fata nagari ita ce: ƙwayar cuta tana koyon bijirewa ne idan magani ya same ta da rauni, ya taɓa ta bai kashe ta ba. Idan jel ya kai magani mai ƙarfi daidai inda take, ya gama da ita, kuma bakteriya masu amfani da ke cikin hanji sun tsira tunda ba a sha komai ba. Akwai kuma gwaje-gwajen da suka nuna jakunkunan na iya mannewa da bangon bakteriya su zuba maganin ciki.

Amma tarihin man shafawa yana da gargaɗi. A Niyuzilan an bar mutane suna sayen mupirosin ba tare da takardar likita ba daga 1991 zuwa 2000, sai bijirewar Staphylococcus aureus gare shi ta yi tashin gwauron zabo. Da aka koma kan fusidik asid, shi ma haka ta faru. A kurajen fuska, yawan shafa eritromaisin da kilindamaisin su kaɗai ya sa likitocin fata yanzu suke haɗa su da benzoyil feroksaid. Jel mai sakin magani kaɗan-kaɗan, idan ba a auna shi da kyau ba, zai iya barin magani mai rauni a fata na tsawon lokaci, wanda shi ne ainihin abin da ake gudu. Mu kuma lamarin ya fi shafar mu: binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 suka mutu a 2019 kai tsaye saboda bakteriya masu bijire wa magani, kuma yammacin Afirka ne ya fi ko'ina yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a.

Yana da illa?

Fosfolifid kansa fata tana karɓarsa lafiya. Etanol mai yawa yana busar da fata, yana yin raɗaɗi a buɗaɗɗen ciwo, don haka etosom bai dace da ƙuna ba. Sinadaran da ke sa tiransfasom laushi na iya kawo ja da ƙaiƙayi. Babbar damuwa ita ce duk abin da ya ƙara shigar magani ya ƙara shigar illarsa. Niyomaisin sananne ne wajen haddasa borin fata, kuma shi da jentamaisin suna iya lalata ji da ƙoda idan suka shiga jini da yawa ta babban miki ko ƙuna mai faɗi. Jarirai, musamman bakwaini, fatarsu ta fi ta manya barin abu ya wuce. Mai juna biyu da mai shayarwa su tambayi likita kafin su shafa kowane irin magani a wuri mai faɗi.

Mu nan mukan fasa kafso mu barbaɗa garin a kan miki, ko mu kwaɓa shi da man shafawa. Ba kusan abu ɗaya ba ne?

Ba ɗaya ba ne, kuma ina roƙon a daina. Yaro ya faɗi a kan keke ya kurje gwiwa, a aika kemis a sayo kafso biyu, a murɗe kan a zazzage farin garin a kan jan naman, a ɗaure da tsumma. Washegari garin ya haɗu da ruwan ciwon ya zama ɓawo mai tauri, mugunya tana taruwa a ƙarƙashinsa. Garin kafso an yi shi ne don ciki, yana ɗauke da abubuwan cikawa da ba a tsabtace su don miki ba. Babu wanda ya san ƙarfin maganin da ya isa ga ƙwayar cutar, kuma shafa dangin fenisilin a fata hanya ce ta sa jiki ya fara yi musu bori, har ranar da mutum zai buƙace su da gaske su zame masa haɗari. Sabon ciwo ƙarami ruwa mai tsabta da sabulu yake so, a rufe shi da bandeji mai tsabta, a kuma duba batun allurar tetanus.

Haka nan mayukan nan masu haɗin magani uku, na bakteriya da na fangas da siteroyid mai ƙarfi, waɗanda ake shafa wa jarirai ko a zuba cikin man bilicin. Siteroyid ɗin yana sirantar da fata, yana danne garkuwarta, maganin bakteriyan kuma yana zaune a jiki wata da watanni ba tare da wata cuta da yake yaƙa ba. Duba amsar da ke sama kan bijirewa. Duk man da aka rubuta masa “nano” ko “liposom” a kwali, a nemi lambar rajistar NAFDAC ko ta hukumar magunguna ta ƙasar da ake, a kuma karanta sunan maganin da ke ciki.

Zai jure zafin Kano, Sakkwato ko Yamai?

Wannan tambaya ce da binciken da aka yi a ƙasashe masu sanyi bai cika damuwa da ita ba, alhali ita za ta yanke hukunci a wurinmu. Fosfolifid yana lalacewa da zafi da iska, jakunkunan su haɗe da juna, maganin ya tsiyaye daga ciki. Da yawa daga cikin haɗe-haɗen da ake wallafawa a firji ake ajiye su, a digiri 2 zuwa 8. Shagon kemis mai rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafin waje ke haura digiri 40, ga wutar lantarki ba tabbas, wani wuri ne daban. Ƙa'idar gwajin ajiya ga ƙasashe masu zafi da laima, ciki har da Najeriya, ita ce digiri 30 da laima kashi 75 cikin ɗari na tsawon lokaci, sai gwajin gaggawa a digiri 40 na wata 6.

Niyosom na Span 60 yana da fifiko a nan, domin bangonsa ba ya sakewa sai zafi ya kai wajen digiri 53. Akwai kuma dabarar haɗa kayan da ruwa kaɗan ƙwarai, ta yadda jakunkunan ba za su samu ba sai an shafa sun haɗu da danshin fata. Mai bincike a Zariya ko Maiduguri da ya mai da hankali kan wannan ɓangare zai amsa tambayar da ta fi ta girman jaka muhimmanci ga majinyatanmu.

Na ji an ambaci barasa da fatar alade. Musulmi zai iya amfani da shi?

A rarrabe abubuwan. Fatar kunnen alade a ɗakin gwaji kawai ake amfani da ita, saboda ta fi ta sauran dabbobi kama da ta mutum wajen barin magani ya wuce. Ba ta shiga cikin jel ɗin. Fosfolifid daga waken suya ko ƙwai yake, kolesterol yawanci daga maiƙon ulun tumaki, kaboma kuma haɗin masana'anta ne. Etanol yana cikin etosom da yawa, irin wanda ke cikin ruwan goge fata kafin allura da man tsabtace hannu. Malamai da dama na wannan zamani sun halatta irin wannan amfani na shafawa don magani. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malamin da ya amince da shi, ya kuma sani cewa niyosom da liposom ba sa buƙatar etanol a haɗinsu na ƙarshe.

Ni ɗalibi ne. Yaya ake haɗa shi a ɗakin gwaje-gwaje?

Hanyar da aka fi bi ita ce ta Bangham. A narkar da maiƙon da kolesterol cikin kulorofom ko haɗinsa da metanol a kwalba mai zagayayyen gindi, a ɗora ta a na'urar da ke juya ta cikin ruwan ɗumi tana zuƙe tururin. Bayan ɗan lokaci za ka ga wani siririn fari-fari ya lulluɓe cikin kwalbar. Idan ya fito da dunƙule-dunƙule ko ya taru a gefe ɗaya, an yi gaggawar zuƙewa, gara a sake. Sai a zuba ruwan da aka daidaita tsaminsa, mai zafin da ya haura na sakewar bangon, wajen digiri 60 in Span 60 ne, a ci gaba da juyawa har shimfiɗar ta ɓamɓaro ruwan ya koma fari. Magani mai son maiƙo tun farko ake sa shi tare da maiƙon, mai son ruwa kuma a cikin ruwan. Daga nan a rage girman jakunkunan da na'urar girgiza ta sauti ko a tace su ta matsattsiyar rariya, a raba maganin da bai shiga jaka ba.

Jel ɗin daban ake yinsa. A barbaɗa kaboma a ruwa a bar shi ya kwana ya jiƙa, a ɗiga tirayetanolamin har ya yi kauri, tsaminsa ya tsaya kusa da na fata, wajen 5.5 zuwa 6.5 a ma'aunin tsami na pH, sannan a zuba jakunkunan ana juyawa a hankali. Kula da abu ɗaya: kaboma ba ya shiri da gishiri da magunguna masu caji irin jentamaisin, yana iya tsinkewa ya koma ruwa. A irin wannan hali seluloz ya fi.

Idan na ga takardar bincike ta ce jel ɗinta ya ninka shigar magani sau kaza, me zan duba kafin in yarda?

Fara da fatar da aka yi gwajin da ita. Ana amfani da 'yar na'urar gilashi da Thomas Franz ya bayyana a 1975: ɗaki biyu, a shimfiɗa fata a tsakani, jel a sama, ruwa a ƙasa ana juya shi, saman fatar a digiri 32, ana ɗibar ruwan lokaci-lokaci ana aunawa. Fatar ɓera ta fi ta mutum barin abu ya wuce nesa ba kusa ba, ledar seluloz kuwa ba fata ba ce sam, saurin fitar magani daga jel kawai take nunawa. Sannan duba abin da aka kwatanta da shi. Idan etosom mai etanol kashi 30 aka gwada da magani cikin ruwa zalla, ba a san ko jakar ce ta yi aikin ko etanol ba. Dole a sami na uku mai etanol daidai wannan ba tare da jaka ba, da kuma man da ake sayarwa a kasuwa.

Abu na gaba shi ne inda maganin ya tsaya. Kamar yadda aka faɗa a amsar ƙwaya da allura, ana son sa ne a cikin fata, don haka yawan abin da ya zuba a ruwan ƙasa ba nasara ba ce ga maganin bakteriya, yana ma iya zama alamar zai shiga jini. Takarda mai kyau takan cire saman fatar da salatif shimfiɗa bayan shimfiɗa, ta auna abin da ya rage a ƙasa, ta kwatanta shi da mafi ƙarancin ƙarfin da ke hana ƙwayar cutar girma. Faɗin da'irar da jel ya share a farantin noman bakteriya ba ya nuna komai game da ratsa fata. A ƙarshe duba ko an sake auna girman jakunkunan da yawan maganin da ke cikinsu bayan an zuba su a jel, da kuma bayan wata 3 ko 6 a digiri 30 da 40, ba a firji kaɗai ba.